Kada ku doki kare don ya yi gurnani

Ƙannena, abin da zan faɗa muku a hannun yaro ɗan shekara 6 na koye shi, kuma har yau idan na ga tabon cizon da kare ya yi masa sai zuciyata ta sosu.

Lokacin ina saurayi muna da wani baƙin kare mai gadi, ni nake ba shi abinci, ni kuma nake ganin na fi kowa saninsa. Duk sa'ad da yara suka matso kusa yana gwaguyar ƙashi ya yi musu gurnani, sai in ɗauki sanda in zabga masa, domin a ganina butulci ne dabbar da muke ciyarwa ta yi wa 'ya'yan gida barazana. Cikin 'yan watanni ya daina, na ɗauka ya horu. Ashe bakinsa kawai na toshe, tsoron da ke sa shi gurnanin yana nan daram, ga shi na hana shi hanyar gargaɗi ɗaya tilo da mutanen gidanmu suke ganewa.

Wata rana da la'asar yana kwance a gindin darbejiya, ɗan yayata ya je ya rungume wuyansa, ina kan tabarma ina kallo. Karen ya lashi hancinsa, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kawar da kai gefe amma idonsa na kan yaron har farin idon ya bayyana, kunnuwansa kuma suka kwanta baya. Duk na ga wannan da idona, sai dai kaɗawar wutsiyarsa ta ruɗe ni, na ɗauka murna ce. Daga nan ya rufe baki, ya daina haki, jikinsa ya ƙame, kafin in miƙe ya kai cizo.

Likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni daga baya cewa kaɗa wutsiya alama ce kawai ta zuciyar kare ta motsa, ko don daɗi ko don fargaba. Kaɗawar murna takan zo da sakin jiki, har ƙugunsa na lanƙwasa, amma wutsiyar da ta sandare tana rawa kaɗan-kaɗan kashedi ce. Su ma suna karanta namu jikin: zuba wa kare ido, sunkuyawa a kansa da rungumarsa duk yakan ɗauke su a matsayin takura, gudu kuwa kiransa ne ya bi ku. Idan baƙon kare ya tunkaro ku, ku tsaya cak, ku sauke hannuwa, ku kawar da ido.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, domin tsumma na ɗaura a kan raunin maimakon in wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 kafin mu tafi asibiti, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi. Hukumar ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen namu ba a taɓa yi masa rigakafi ba, alhali a nan Vom ta jihar Filato ake haɗa maganin allurar. Aka yi wa yaron allurai, aka killace karen kwana 10 ana duba shi, Allah ya sa lafiyarsa ƙalau.

Yanzu idan karen gidana ya yi gurnani, yaran nake kira su ja baya, sannan in duba abin da ya dame shi. Kwanon abincinsa kuma na mayar da shi bayan ɗakin ajiya, inda ba mai bi sai ni.