Fensirin kafinta

Yau na yini a shagon kawuna a Sabon Garin Zariya, ina kallon yadda yake fiƙe fensiri. Na kafintoci ba irin na 'yan makaranta ba ne. Mai faɗi ne, don kada ya gangara ya faɗo daga kan katako, shi ya sa ba ya shiga abin fiƙen da yara ke saya. Da wuƙa Kawu ke sassaƙe shi, yana tura ta gaba, ba wajen jikinsa ba, sannan ya goga bakin a samfefa har ya yi siriri ta gefe ɗaya. Na ce, "Kawu, duk wannan don layi ɗaya?" Ya ce, "Ɗana, layi mai kaurin milimita 2, ta ina zarto zai bi?"

Wajen haɗin ƙofa ma ajiye fensirin yake yi, ya ja layin da bakin wuƙa. Baƙin katako da ƙarfen mai walda, da alli ake ja musu layi. Biro kuwa ya hana yaransa taɓawa, wai tawadar na shiga katako ta fito bayan an shafa fenti. Ni dai na ga ƙaraminsu da biro a kunne.