Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kalmomi Ɗari Uku

A makon jiya mun tsaya a daren da na cika kaye na bakwai, wato littafin rubutu, da labarin da nake rubutawa, na rubuta Alhamdulillahi a ƙasan shafin ƙarshe, na tura su duka ƙarƙashin katifa. Wata huɗu suka yi a wurin, ba wanda ya san da zamansu daga ni sai kyankyasai.

Rediyo ce ta fito da su. Wajen ƙarshen 2022 ina shago ina buga wa wani yaro takardar neman aiki, sai na ji an ce wadda ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta BBC Hausa a shekarar 'yar Maraɗi ce. Na ɗaga hannu daga kan kwamfuta. Tun da aka fara gasar a 2016, sunayen da nake ji ana kira duk na Najeriya ne, har na saka wa raina cewa rubutun Hausa ma sai da katin ɗan ƙasa. Yau ga 'yar Nijar, ƙasar da ita ma da Faransanci ake karatu kamar mu nan Kamaru. Yaron ya ce, "Anti, lafiya?" Na ce lafiya lau, kawo sefa ɗari biyunka.

Sai dai Hikayata ta gajeren labari ce, kalmomi 1,000 zuwa 1,500, ni kuwa kaye bakwai gare ni. A watan Janairun 2023 wata ƙawata da aka kai aure Yola ta turo mini sanarwar wata gasar daban, ta wata ƙungiyar marubuta da wani mai ɗab'i. Ba zan faɗi sunansu ba, don abin da ya biyo baya tsakanina da su ne. Su ba littafin suke so ba tukuna. Ka rubuto bayanin labarinka cikin kalmomi 300, ka haɗa da babin farko da ɗan tarihinka. Za su tace mutum goma su karɓi cikakken littafinsu, uku daga ciki a buga musu kyauta.

Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Wadda ta cika kaye bakwai, kalma 300 za ta gagare ta?

Bari in faɗa muku inda nake aiki, don a nan rabin matsalar take. Shagonmu yana kusa da babbar kasuwar Garwa, muna buga takardu da fotokofi, muna haɗa wa mutane dosiye, wato fayil ɗin takardu. Allon haruffan kwamfutarmu na Faransa ne. Akwai é, akwai è, akwai ç, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ni kuma da Faransanci na koyi riƙe bik, wato biro. Karatun Hausa a littattafan da 'yan kasuwa ke kawo mana daga Yola da Mubi na tsince shi, ba wanda ya zaunar da ni. Ido ya saba da rubutun Kano, hannu kuwa na lekol ne, makarantarmu ta Faransanci. Sai in rubuta "ciki" a layi ɗaya, a na gaba in rubuta "tchiki". "Jiya" ta koma "djiya", "shekara" ta koma "chekara", "kuka" kuwa "kouka". Ban taɓa ganin aibun haka ba, don duk saƙon da muke tura wa juna a waya a Garwa haka muke rubuta shi, kuma muna gane juna sarai.

Kuɗin shiga naira ne, kuma lokacin ne Najeriya ta sauya takardun kuɗinta, naira ta yi wuyar gani har a hannun masu canji. Kawuna da ke kai kaya Yola ne ya sa abokin cinikinsa ya tura mini ta banki. Ya ce, "Ke dai in kin ci, ki tuna da kawunki."

Kalmomi 300 ɗin nan har yau suna wayata, nakan buɗe su in ina so in ji kunya. Ga yadda na fara: "Wannan labari ne mai cike da tausayi, soyayya, cin amana da darussan rayuwa, wanda zai sa mai karatu zubar da hawaye tun daga shafin farko." Haka na yi ta yi har ƙasa. Na yabi littafin kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha, yana maganin basir, yana maganin shawara, yana ƙara ƙarfin gani. Na ce an yi bincike mai zurfi. Na ce irinsa bai taɓa fitowa daga arewacin Kamaru ba. Sunan yarinyar da labarin ke kanta ma sai a layin kusa da na ƙarshe ya fito.

Sakamako ya zo cikin azumi. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, zafi ya haura digiri 40, ga kuran, wato lantarki, an ɗauke tun safe, wayata ta mutu na kai ta caji wajen mai janareta. Bayan la'asar na karɓo, na kunna a bakin hanya. Sunaye goma. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na karanta daga ƙasa zuwa sama, na sake bi da yatsa ko na tsallake layi. Mai moto yana ta yi mini hon, ni ban ma san a tsakiyar titi nake ba.

Kwana biyu bayan haka wani saƙon ya shigo, daga ɗaya daga cikin alƙalan. Ta ce ba kowa suke rubuta wa ba, amma babin farkona ya tsaya mata a rai. Daga nan ta sauke mini kwandon. Ta ce rubutuna ba ya bin ƙa'ida ko kaɗan, sai da ta riƙa karantawa da ƙarfi kafin ta gane wasu kalmomin. Ta ce, "Kin gaya mana za mu yi kuka, ba ki gaya mana a kan me ba." Sannan ta jero kalmomi, lekol, kuran, kaye, lofital, ta ce waɗannan ba Hausa ba ne, a cire su.

Ban yi kuka ba, ina jin ƙishirwa ce ta hana. Fushi na yi. Na mayar da kayena ƙarƙashin katifa na ce Kanawa sun raina mu ne kawai.

Yayana, wanda ke koyarwa a lise, wato babbar sakandare, ya ba ni shawarar da duk mai hankali zai bayar. Ya ce, "Ƙanwata, me ya kai ki? Ki rubuta da Faransanci mana. Ga Djaïli Amadou Amal nan 'yar Marwa, Bafulatana ce, da Faransanci ta rubuta, ta ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a 2020, duniya ta san ta. Ke kina da bak, shaidar gama lise, kin tsaya mutanen da ba su san inda Garwa take ba suna gyara miki baki." Na gwada, wallahi na gwada. Na juya babin farko cikin dare uku. Nahawun ya fita tsaf, amma da kakata ta buɗe baki a cikin shafin sai na ji wata madam ce ke magana, mai jaka da tabarau. Iya ba ta san ko bonjur ba sai in za ta yi wa jikoki ba'a. Na yage shi.

Domin littafin nan, ban gaya muku ba sai yau, labarin Iya ne.

Ranar ashirin da wani abu ga azumi, bayan an sha ruwa, muna tsakar gida a kan tabarma ana shan kunun gyaɗa, ta dube ni ta ce, "Kishiya, kwana nawa kina kumbure-kumbure kamar an ƙwace miki miji. Me aka yi?" Na ce gasa na faɗi. Ta ce karanto mini abin da kika aika. Na buɗe waya na karanta mata kalmomi 300 ɗin nan da murya mai daɗi, ina jiran ta taya ni zagin alƙalai.

Ta kurɓi kunu. Ta ce, "To, wa aka yi wa me?"

Na ce, "Iya, ai labarinki ne."

Ta ce, "Nawa? Ni ban ji ni a ciki ba. Na ji dai ana ta kirari, ban ga sarkin ba."

Sai ta ajiye ludayi. Labarin da na ji gutsi-gutsi tun ina yarinya, wanda na shimfiɗa a kaye bakwai, ta faɗe shi kafin kunun ya huce. Iyayenta mutanen ƙasar Katsina ne, suka taso aikin Hajji a ƙasa, kamar yadda dubban Hausawa suka yi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Hanyar takan bi ta Fort-Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973, ta wuce Abeshe, ta shiga Sudan har bakin Bahar Maliya, kuma tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago a sami guzuri. Da yawa ba su kai ba, da yawa sun kai ba su dawo ba, shi ya sa har yau akwai zuriyarsu a Chadi da Sudan. Iyayen Iya sun ratso ta Yola suka sauka Garwa wajen wani ɗan garinsu mai sayar da goro. Ita tana da shekara shida, ƙyanda ta kama ta, ayari kuma ba ya jira. Uwarta ta kwance ɗan zobenta na azurfa ta ɗaura mata a wuya da zare, ta ce wa matar mai goro ga ajiya nan, in mun juyo za mu karɓa.

Iya ta ce, "Shi ke nan labarin. An ba da ni ajiya, ba a dawo an karɓa ba. Aka yi mini aure, na ƙi barin unguwar, don kada su zo su tarar ba na nan. Kakanku ya sami aiki Ngaundere na ce sai dai ya sake ni. Yanzu kuma ko sun zo, wa zai gane wani?" Ta ɗauki ludayinta.

Ban yi barci ba a daren. Na lissafa, abin da ta faɗa bai kai kalma sittin ba, kuma duk wanda ya ji shi zai so ya ji saura. Wata huɗu ina ɓoyon littafi, shekara biyu ina rubuta shi, ashe ban taɓa tambayar kaina mene ne a cikinsa ba. Na cika shi da kishiyoyi da boka da wani saurayi mai mota da na ƙirƙiro don na ga haka ake yi, ajiyar kuwa ta nutse a babi na huɗu.

Bayan Sallah na nemi wani tsohon malami a unguwar Yelwa wanda ya yi karatu a Zariya. Kullum Lahadi nakan je da kaye da jan bik. Shi ya raba mini "shi ne" da "shine", ya nuna mini inda "a kan" take rabuwa da inda "akan" take haɗuwa, ya ce "gidana" a haɗe, "gidan nawa" a rabe. Ya sa jikansa ya saka mini allon haruffan Hausa a waya, ranar na fara ganin ƙ ta fito daga yatsana. In na yi kuskure ya ce, "'Yata, ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ki cire ta a ƙafa, kin kafa ke nan." Shi ne kuma ya gaya mini cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da gasa ya fara, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda aka buga nasu. Ya ce, "Kin ga ke nan tun farko akwai waɗanda aka mayar wa nasu. Ba ke aka fara ba."

A kan abu biyu alƙaliyar nan ta yi gaskiya, na kuma rubuta na gode mata, ko da yake sai da na yi wata biyu kafin hannuna ya yarda. A kan na uku har gobe ban yarda ba. Bakano ya ce sakandare, ya ce fensir, ya ce tebur, duk daga bakin Ingilishi ya ɗauko, an ce Hausa ce. Ni na ce lekol an ce ba Hausa ba. Wanda ya mulke mu ne ya bambanta, ba uwar da ta haife mu ba. Abin da na yi, a bakin mai ba da labari na bi daidaitacciyar Hausa, amma in mutumin Garwa zai yi magana na bar shi da bakinsa, na dai gyara jimlar yadda ɗan Sakkwato zai gane daga abin da ke kewaye. Boka ya tafi. Saurayi mai mota ya tafi, shi da motarsa. Kaye bakwai suka koma huɗu.

Da damina ta yi nisa, Binuwai ta cika har jiragen ruwa suna tasowa daga Yola, ƙawata ta sake turo wata sanarwar. Wannan karon kalmomi 250 suke so. Na zauna na rubuta, jimlar farko ita ce: "Tana da shekara shida iyayenta suka ba da ita ajiya a Garwa za su Makka a ƙasa, yau shekara saba'in ba ta bar unguwar ba." Saura ya biyo da kansa, na tsaya a 212, na rasa abin ƙarawa.

Kafin in aika na kai wa Iya. Ta saurara ido a rufe har na gama, ta daɗe ba ta ce komai ba, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Kishiya, zanen da ke jikin uwata ranar ba ja ba ne. Saƙi ne, baƙi. Gyara kafin ki aika wa mutane ƙarya."

Na gyara. Na aika saura kwana biyu a rufe.

Amsar da ta zo, da yadda ta same ni a cikin jirgin ƙasa tsakanin Ngaundere da Yawunde, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.