Ziyarar gidan Darwin a ƙauyen Downe

Daga tashar Victoria da ke Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Bromley, daga can kuma bas ta ɗauke ni ta wata siririyar hanya mai ratsa gonaki har ƙauyen Downe, inda masanin halittu Charles Darwin ya zauna daga 1842 har rasuwarsa a 1882. Ƙauyen ɗan ƙarami ne, da coci a tsakiyarsa, amma kuɗin shayi da ɗan burodin da na biya a wani shago, da a naira na ƙirga shi, da ban iya haɗiye shi ba. Mai shagon kuwa ko ɗaga kai bai yi ba da na gaishe shi.

Wata dattijuwa mai yi wa baƙi jagora a gidan Darwin ce ta share mini wannan ɓacin rai, domin da ta ga ni kaɗai nake, sai ta bi ni ɗaki ɗaki tana bayani. A ɗakin nazarinsa ta nuna mini kujerar da ya sa aka yi wa ƙafafun taya domin ya riƙa zagaya teburansa ba tare da ya miƙe ba. A nan ya rubuta littafinsa kan asalin ire-iren halittu, On the Origin of Species, wanda ya fito ranar 24 ga Nuwamba, 1859, kwafi 1,250 kacal. Na yi tsammanin ganin manyan na'urori, sai na tarar da madubin ƙara girma, da kwalabe, da tarin wasiƙu.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne tantabaru. Darwin ya yi kiwonsu a gidan, yana zama da masu kiwo yana sauraronsu, kuma da su ya buɗe hujjarsa. Duk wanda ya san masu kiwon tantabara a Kano ko Zariya ya san yadda suke zaɓen wadda za a haɗa da wadda, har launi da siffa su sauya bayan 'yan zuriyoyi. Darwin ya nuna cewa duk ire-iren tantabarun gida daga tantabarar dutse guda suka fito, sa'an nan ya ce abin da mai kiwo ke yi da gangan, yunwa da cuta da sanyi da maƙiya suna yin irinsa a daji cikin dubban shekaru, domin ana haihuwar fiye da abin da abinci zai ɗauka, waɗanda suka fi dacewa da wurin kuma su ne ke rayuwa su bar zuriya.

Bai tsaya ga zato ba. A lambun ya share wani ɗan fili mai tsawon ƙafa 3 da faɗin ƙafa 2, ya riƙa sa alama ga kowane tsiro da ya fito. Cikin 357, ƙwari da katantanwa da makamantansu sun hallaka 295. Akwai kuma wani dutse da aka ajiye a kan ciyawa domin auna yadda tana ke nutsar da shi a hankali, kuma littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kan tanar yake. Mutumin da ya yi shekara 5 yana zagaya duniya a jirgin ruwan Beagle ya ƙare yana durƙushe a bayan gidansa yana ƙirga tsiro, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa yake.

Na ce wa dattijuwar a wurinmu abin da aka fi sani game da shi shi ne wai ya ce biri ne kakan mutum. Ta ce ba haka ya faɗa ba, cewa ya yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can baya, kuma a littafinsa na 1871 ya yi hasashen cewa a Afirka ne mutum ya samo asali. Ni dai ina da aƙidata game da halittar Annabi Adamu, amma na ga ya fi kyau a yi jayayya da abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Ko a gidansa ba a rasa saɓani ba. Matarsa Emma mai riƙo da addinin Kirista ce, shi kuwa imaninsa ya yi ta raguwa, musamman bayan rasuwar 'yarsu Annie tana da shekara 10 a 1851, har ya kira kansa wanda bai san tabbas ba game da samuwar Ubangiji. Ran Lahadi yakan raka iyalinsa ƙofar coci, ya wuce yawonsa. Auren zumunci suka yi irin namu, ita 'yar kawunsa ce, kuma ya daɗe yana fargabar ko shi ne ya jawo wa 'ya'yansu laulayi.

Na bi hanyar tsakuwa da yake zagayawa kullum yana tunani, amma ruwan sama ya kore ni. Washegari na leƙa babban cocin Westminster Abbey da ke Landan, inda kabarinsa yake kusa da na masanin kimiyya Isaac Newton, a ƙarƙashin wani dutse marar ado da masu yawon buɗe ido ke takawa su wuce.