Wai jarin waje ne ke tayar da ƙasar da ta durƙushe?

Duk gwamnatin da ta gaji tattalin arziki a kwance, abu na farko da za ka ji shi ne shugaba ya hau jirgi ya tafi neman masu zuba jari, bayan kwana biyu a watso hotuna ana musabaha da masu kwat, a ce an sa hannu a yarjejeniyar dala biliyan kaza. Jama'a su yi ta murna wai sauƙi ya zo. Ni dai na daina rawar kai a kan irin wannan labarin, don yawancinsu yarjejeniyar fahimtar juna ce kawai, wato alkawari, kuma alkawarin ɗan kasuwa yana nan ne muddin lissafinsa bai canza ba.

Kai ko kuɗin ma sun shigo da gaske akwai magana. A ƙa'idar da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, ke bi, da zarar baƙo ya mallaki kashi 10 cikin 100 na kamfani ko fiye, to an rubuta shi a matsayin jarin waje na kai tsaye. Kenan in wani ya zo ya sayi tsohon kamfanin da ke aiki shekara da shekaru, ya canza masa suna ya rage ma'aikata, a takarda jari ya shigo. Ribar da kamfanin waje ya samu a cikin ƙasar bai fitar ba ya sake juya ta, ita ma jari ce. Har bashin da uwar kamfani ta ba reshenta ana lissafawa a ciki. Shi ya sa adadin da minista ke karantowa bai cika gaya maka komai ba game da mutum nawa suka samu aikin yi.

Dubi Masar. A Fabrairun 2024 ƙasar na cikin matsanancin ƙarancin dala, sai ga yarjejeniyar Ras El-Hekma da kamfanin ADQ na Abu Dhabi, dala biliyan 35 a kan wani yanki na gaɓar Bahar Rum da za a gina birnin shaƙatawa. A ciki biliyan 24 ne sabon kuɗi, sauran 11 ɗin dama ajiyar Daular Larabawa ce a babban bankin Masar aka juya ta. Ba na musun cewa kuɗin sun taimaka, su suka ba gwamnati ƙarfin halin sakin darajar fam, kuɗin ƙasar, a watan Maris, IMF kuma ta ƙara bashinta zuwa biliyan 8. Amma wannan numfashi aka saya, da ƙasa aka biya, kuma ba kullum ake samun gaɓar tekun sayarwa ba. Abin dariyar ma wannan ciniki guda ɗaya shi ya cilla alƙaluman jarin waje na nahiyar Afirka gaba ɗaya sama a wannan shekarar, wanda bai bi diddigi ba sai ya ɗauka duniya ce ta rugo Afirka da kuɗi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Mozambik. Yaƙin basasa ya ƙare a 1992, ƙasa ta ragargaje, ana neman wanda zai yarda ya zo. A shekarar 2000 masana'antar narka alminiyam ta Mozal ta fara aiki kusa da Maputo, jarin sama da dala biliyan 1, aka yi ta kafa misali da ita a tarukan duniya, har ta kai alminiyam ya zama fiye da rabin abin da ƙasar ke fitarwa. To amma bi hanyar kayan ka gani, garin ma'adinin da ake narkawa daga Ostireliya ake kawo shi, a narka a loda a jirgin ruwa yawanci zuwa Turai, ma'aikatan da kamfanin ya ɗauka kai tsaye dubu ɗaya ne da ɗoriya a ƙasa mai miliyoyin mutane, harajin da aka yanka masa kuma kashi 1 ne kacal na cinikinsa. Alƙaluma sun yi kyau sosai, manomin da ke can arewacin ƙasar bai san ana yi ba. Kusan haka Zambiya ta yi wajen 2000 da ta sayar da ma'adinan jan ƙarfenta, kamfanoni suka samu biyan kason gwamnati na kashi 0.6, da farashi ya tashi a kasuwar duniya ƙasar na kallo riba na wucewa, sai a 2008 ta ɗaga shi zuwa kashi 3.

Kar wani ya ce ai dama ni maƙiyin jarin waje ne. Biyetnam na nan, ƙasar da yaƙi ya yi wa kaca-kaca fiye da yawancin waɗanda ke kuka yau. Sun fara gyaran da suke kira Doi Moi a 1986, suka yi dokar jarin waje a 1987, Amurka ta ɗage musu takunkumin ciniki a 1994, suka shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2007. Sai a 2009 Samsung ya fara haɗa waya a lardin Bac Ninh, daga baya ya ƙara da Thai Nguyen, ya ɗauki dubun-dubatar ma'aikata, har aka kai lokacin da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kayan da ƙasar ke fitarwa nasa ne. Ka lura da tazarar fa, sama da shekara 20 tsakanin fara gyara da zuwan babban baƙon. A wannan tsakanin sun sakar wa manoma mara har ƙasar ta zama cikin manyan masu fitar da shinkafa, sun kai lantarki ƙauyuka, yara sun yi karatu na gaske. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai jari ba jinya yake zuwa yi ba, yana zuwa ne inda ya ga mara lafiya ya fara miƙewa da ƙafarsa, akwai wuta, akwai tashar jiragen ruwa mai aiki, kotu za ta saurare shi, kuma in ya ci riba zai iya canza ta zuwa dala ya fitar ba tare da ya yi shekara yana bin layi a babban banki ba. Wannan na ƙarshen mutane ba sa son ji, amma ba wanda zai shiga ɗakin da ya ga ƙofar fita a kulle.

Su ma 'yan Biyetnam ɗin suna ƙorafi, don da yawa daga cikin masu kawo wa Samsung manyan kayan haɗi kamfanonin Koriya ne da suka biyo shi, na gida sun daɗe a kan kwali da leda. Ita kanta Koriya ta Kudu abin mamaki ba da jarin waje ta tashi ba, a shekarun 1960 da 1970 bashi ta ci ta gina kamfanoninta, ta sayi fasaha ta koya. Sin kuma ta buɗe ƙofa amma da sharaɗi, shekaru da dama in kana son ƙera mota a can dole ka yi haɗin gwiwa da kamfanin gida kuma kasonka ba zai wuce rabi ba.

Akwai kuma masu tunanin arhar ma'aikata kaɗai ta isa. Habasha ta gwada, ta buɗe rukunin masana'antun Hawassa a 2016, manyan kamfanonin tufafi suka shigo, albashin farko na masu ɗinki wajen dala 26 a wata, wanda ya sa da yawa ke ajiye aikin ba su daɗe ba. Da yaƙin Tigray ya ɓarke Amurka ta cire ƙasar daga tsarin AGOA, mai ba ƙasashen Afirka damar kai kaya Amurka ba haraji, a farkon 2022, kamfanin tufafi na PVH mai Calvin Klein ya riga ya rufe masana'antarsa, dubban 'yan mata suka koma gida. Abin da ya kawo su dama shiga kasuwar Amurka ba haraji ne, da wannan ya tafi ba abin da ya riƙe su.

Kosta Rika ce ta fi burge ni. Intel, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya zaɓe ta a 1996 duk da ƙanƙantarta, gwamnati kuma ba ta tsaya a yafe haraji ba, ta gyara manhajar kwalejojin fasaha ta dace da aikin, ta yi amfani da sunan Intel ta jawo wasu. A 2014 kamfanin ya rufe sashen haɗa kayan ya mayar Asiya, mutum wajen 1,500 suka rasa aiki, aka yi ta cewa shi kenan ƙasar ta shiga uku. Ashe injiniyoyin da masu kula da ingancin kaya da aka horar suna nan ba inda suka je, kamfanonin kayan aikin asibiti suka kwashe su, yanzu kayan asibitin ne kan gaba a abin da ƙasar ke fitarwa, sun wuce ayaba da abarba da kofi da aka san ta da su. Shi kansa Intel ɗin a 2020 ya sanar zai dawo da aikin haɗawar.