Sabar da ke warkewa da ta ga mai ita

Sati uku na yi ina zargin yaron shagona da taɓa wayoyin kwamfuta, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shagon namu yana wani ƙauye ne a yankin Ringim. Kwamfuta shida gare mu na buga takardu da cike fom, sai tsofaffi biyu masu manhajar Linux da na mayar sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, ɗaya na ajiye takardu da hotunan fasfo, ɗaya na kula da firinta. Duk a jone suke da wani ƙaramin suwic da na sayo da araha a birni, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci, kowace da ramin da ake cusa kebul ɗinta. Wuta kuwa ta sola ce.

Ranar kasuwa, da aiki ba ƙaƙƙautawa, lafiya lau. Amma in shago ya yi tsit, musamman bayan mun dawo daga sallar Azahar, sai sauran kwamfutocin su daina ganin sabar, in ji yaron na cewa, "Malam, ta sake ɓacewa." In zauna gaban sabar, in tura ping (ɗan saƙon gwaji da ke neman amsa) zuwa rauta, na'urar da ke raba intanet, nan take komai ya dawo, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka a ƙofar asibiti. Ashe zaman nan nawa shi ke ɓoye cutar, don da na taɓa ta na tashe ta.

Na duba inbata da batura, na sauya kebul don ɓeraye sun taɓa yi mana ɓarna, na tabbatar lambar IP ɗin sabobin, wato adireshinsu a netwok, ba ta cikin waɗanda rauta ke raba wa wayoyin hannu. Duk a banza.

Ran wata Talata na hana kowa aiki, na ɗauko littafin lissafin shago da agogo. Daga wata kwamfutar nake tura wa sabar ping, in jira minti ɗaya, in sake, in jira uku, sai biyar, sai goma, ina rubutawa. Gajeren shiru ba ya komai, dogon ne ke kayar da ita, ga kuma fitilar ramin suwic a kunne kamar ba abin da ya faru. Na fara zargin mantuwar suwic, don yawancinsu suna goge adireshin MAC (lambar da suwic ke gane kowace na'ura da ita) na na'urar da ta yi shiru daƙiƙa 300. Sai dai lafiyayyen suwic in ya manta, watsa saƙon yake ta kowane rami har mai shi ya amsa, saboda haka wannan kaɗai bai isa dalili ba.

Umarnin ethtool --show-eee, mai nuna saitin katin netwok a Linux, shi ne ya tona asiri. Akwai tsarin tsimin wuta mai suna EEE, ƙa'idar IEEE 802.3az ta shekarar 2010: in ba saƙon da ke wucewa, katin netwok da suwic sukan yi gyangyaɗi tare, su farka cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Namu sun iya kwanciya, tashin ne sai saba ta fara magana.

Da farko na sa cron, manhajar da ke gudanar da aiki a kan lokacin da aka tsara, ya riƙa tura ping daga sabar kowane minti, amma wannan rufa-rufa ce. Daga baya na kashe tsimin da ethtool --set-eee, tare da eee off a ƙarshe. Ni mai ƙirga kowane wat na sola sai da na ji ɗan zafi, ko da yake abin da ake tsimin bai taka kara ya karya ba.

Bayan kwana huɗu aka yi hadari, batura suka mutu da dare, washegari matsala ta dawo. Umarnin ba ya zama in kwamfuta ta sake tashi. Dole na sa shi cikin abin da take gudanarwa duk lokacin da aka kunna ta.

Da yamma na sayo wa yaron tsire, na ba shi haƙuri. Ya karɓa ya ce, "Malam, ai da ma na faɗa maka barci take yi."