Wasiƙa daga Jamus: a bar yaron gareji ya yi magana

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, ya gida ya iyali, ya kuma kasuwa. Mu nan sanyi ya shigo, ƙarfe biyar bata yi ba gari ya yi duhu.

Shekarata ta shida kenan a wata masana'anta kusa da Shutugat inda muke haɗa kayan injin mota, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina, musamman ga iyayen gidanmu masu gareji da shagon ɗinki da na walda. Ranar da na fara aiki an nuna min wani allo a bango an rubuta abubuwan da kamfani ya ce ya tsaya a kai, gaskiya, mutunta juna, aiki tare. Ban ɗauke shi bakin komai ba don rubutu a bango ko a gida muna da shi. Sai a sati na uku na ga wata yarinya 'yar koyo, bata fi shekara goma sha takwas ba, ta danna maɓalli layin haɗa kayan gaba ɗaya ya tsaya saboda ta ga noti ɗaya bai zauna daidai ba. Wallahi gabana ya faɗi, na ce yau za a kore ta. Shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya zo ya duba ya ce ta yi daidai, aka gano ashe na'urar ɗaurin ce ta kwance tun safe, aka dawo da duk kayan da suka wuce aka sake dubawa, yarinya ta koma aikinta ba wanda ya harare ta.

Daga baya na ji asalin abin daga Japan ne, kamfanin Toyota. Can igiya suka rataya a saman layi, suna ce mata igiyar andon, duk ma'aikacin da ya ga kuskure ya ja, fitila ta kama, shugaban layi ya rugo, in ba a gyara nan take ba layi ya tsaya. Lissafinsu shi ne gara a yi asarar minti goma yanzu da a sayar da mota dubu masu aibi.

Abin da yasa ya taɓa ni haka, ni ma na yi aparanti, wato koyon sana'a, a wani gareji a Garwa shekara huɗu. Akwai ranar da na ga maigida ya manta bai matse notin tayar wata mota mai zuwa garin Gidar ba, na gani da idona amma bakina ya ƙi buɗuwa, don an raine mu yaro baya gyara wa babba. Allah Ya kiyaye direba ya ji tana rawa tun kafin ya fita gari ya dawo. Da ba haka ba fa? Mutum nawa ne a ciki? Har yau in na tuna jikina sanyi yake. Kunya tarbiyya ce, ni ban ce a zubar da ita ba, ko nan bana iya kiran wanda ya girme ni da sunansa kai tsaye. Amma kunyar da zata sa ka ga rai na shirin salwanta ka yi shiru, wannan ban san sunanta ba.

Kuma ba wai Jamusawa sun fi mu kirki bane, tsari suka yi wa abin. Akwai dokarsu ta 1972 da ta ce duk wurin aikin da ke da ma'aikata biyar zuwa sama suna iya zaɓen majalisarsu, Betriebsrat suke ce mata, duk shekara huɗu ake zaɓe, baƙo irina ma yana jefa ƙuri'a. Maigida baya ƙara lokacin aiki ko ya juya jadawali sai da yardarta. Ɗan koyo kuma ana biyansa duk wata, wasu ranakun yana makaranta wasu yana wurin aiki, ya yi kamar shekara uku ya fito da takarda. Wanda ya san ba za a kore shi don ya buɗe baki ba shi ne zai buɗe.

Amma kar ku ɗauka komai na nan zuma ne. Lokacin da Baba ya rasu kati ɗaya suka sa wa hannu suka bani. Sun yi iya nasu, har wani abokin aikina Baturke ya riƙe min aikina na dare sati biyu, kuma shi ke musanya da ni ran Juma'a in samu masallaci. Sai dai a gida da kasuwa ce zata tashi ta zo ta'aziyya. Mu da muka san gayya a gonar auduga, muka san adashi, ba wanda zai koya mana haɗa hannu. Inda muke da gibi shi ne hannu kowa ya kawo, baki kuma na maigida ne kaɗai.

Nan kowace safiya kafin a kunna inji muna tsayuwa minti goma a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya lalace jiya da abin da ya gani, ƙarami ake fara tambaya don kar ya ji ta bakin babba ya bi. Ba ya cin ko dala. Alhaji, Malam, Hajiya mai shagon ɗinki, don Allah ku gwada ko na sati ɗaya ne, in yaro ya faɗi kuskure ko naku ne ku ce masa madalla a gaban sauran, don su suke kallo su ga me zai same shi. Ni ma in Allah Ya yarda bayan babbar Sallah zan shigo, ina so in zauna da yaran garejin unguwarmu in ji ta bakinsu.

A gaida mutanen bakin Binuwai, a sa mu a addu'a.

Naku, ɗan Garwa a Jamus.