Ƙannena, ku sauke taswira tun kuna da sabis

Yawancin matasan da ke yawo da Google Maps a Abuja sun ɗauka cewa data ce ke nuna inda mutum yake tsaye. Mu ma da muka riga ku haka muka ɗauka, shi ya sa da zarar sabis ya ɗauke sai mu kife waya mu ce ta gama aiki. Ba haka abin yake ba. Shuɗin ɗigon nan da ke nuna ka a kan allo daga taurarin ɗan'adam na GPS yake samun bayani, kuma ba ya cin ko kwabo na data. Abin da data ke kawowa shi ne zanen tituna da sunayen wurare. Idan ka sauke zanen nan ka ajiye a wayarka tun kana gida, to ko a tsakiyar Hawan Kibo da ke hanyar Jos sabis ya gudu, wayar za ta ci gaba da nuna maka hanya, har muryar nan mai cewa ka yi dama ko hagu ba za ta yi shiru ba.

Saukewar ba wuya. Buɗe Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta hannun dama, ka shiga inda aka rubuta "Offline maps", sannan "Select your own map". Wani akwati zai fito a kan taswirar. Da yatsu biyu za ka matse ko ka buɗe har yankin da kake so ya shiga cikinsa, a ƙasa kuma za a rubuta maka megabait nawa zai ci. Ka duba wannan adadi, ka tabbatar wayarka na da wurin da ya fi haka, sai ka danna "Download". Kada ka rufe manhajar sai ka ga ta kai ɗari bisa ɗari.

A wajen jan akwatin nan aka fi yin ɓarna, don haka bari in tsaya a kai. Mutum zai sa tsakiyar birni, ya ga Wuse da Garki da Maitama da Asokoro sun shiga, sai ya sauke ya ce ya gama da Abuja. Alhali rayuwar yawancinmu ba a nan take ba. Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke, Suleja a jihar Neja, kuma Zuba da Gwagwalada da Kuje da Bwari duk suna da tazara daga tsakiyar gari. Duk abin da ya faɗa wajen akwati, wayar ba ta san da shi ba idan babu data: ɗigon zai ci gaba da tafiya amma a kan fili fetal, ba titi ba suna. Mafi muni, idan inda za ka yana waje, manhajar ba za ta iya fitar maka da hanyar ba sam, ko da rabin tafiyar na ciki. Sai duk hanyar, daga inda ka tashi har inda za ka sauka, ta kasance cikin abin da ka sauke. Saboda haka ka buɗe akwatin ya haɗiye Gwagwalada ta wannan gefe da Keffi ta wancan gefe, ya hau har bayan Bwari.

Mai tafiya Jos kuma ya bi hanyar da ido tukuna: Nyanya, Keffi, Akwanga, Hawan Kibo, Riyom, Mararaban Jama'a, Bukuru, sannan cikin gari. Idan akwati ɗaya bai ɗauke ta ba, sauke biyu, amma ka sa bakin na biyu ya hau kan na farko sosai, kada a bar rata a tsakani. Ka sa wa kowanne suna da za ka gane.

Akwai wani abu da ke ruɗa masu ƙananan wayoyi. Wasu suna zuwa da Google Maps Go, mara nauyi, wadda ba ta da wurin sauke taswira. Idan ka nemi "Offline maps" ka rasa, duba sunan manhajar da kyau, sai ka ɗauko cikakkiyar daga Play Store. Idan wuri ne ya yi ƙaranci kuma kana da katin mimori, a cikin saitin shafin "Offline maps" akwai zaɓin ajiye taswirar a kan kati. A nan ne kuma za ka ga ko an saita ta a kan Wi-Fi kaɗai; idan haka ne, kana iya danna saukewa ta yi ta jira ba ta motsa ba, kai kuwa kana zaton ta sauka.

Shi ya sa gwaji ya zama dole. Kashe data da Wi-Fi, ka fita waje inda sama take a buɗe, ka rubuta sunan wurin da za ka, ka ga ko hanya za ta fito. Idan ɗigon ya yi jinkiri, ka ba shi minti biyu ko uku, domin ba tare da data ba wayar kan ɗan daɗe kafin ta kama taurarin, musamman a cikin ɗaki ko ƙarƙashin gada. Idan kibiyar na kallon wani gefe daban, juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8.

Taswirar da ka sauke tana da ranar ƙarewa, a rubuce take a ƙarƙashin sunanta. Idan ya rage kwana 15 ko ƙasa da haka, manhajar kan yi ƙoƙarin sabunta ta da kanta, amma sai wayar ta hau Wi-Fi, kuma da yawanmu wata guda sai ya wuce ba mu hau ba. Ka riƙa leƙawa kana sabuntawa da hannunka. Haka nan idan ka goge bayanan manhajar don neman wuri, ko mai gyara ya yi wa wayar wankin ciki, taswirar ta tafi ke nan.

Ka kuma san abin da ba za ta ba ka ba. Babu labarin cunkoso, don haka za ta ce maka Nyanya zuwa mahaɗar AYA da ke Asokoro tafiyar 'yan mintuna ce ko da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin. Ba ta san an rufe titi ko gada ta karye ba. Hanyar mota kawai take fitarwa, ban da ta ƙafa. Mai son ta ƙafa ya ƙara da manhajar Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da wata taswira daban mai suna OpenStreetMap. Ajiye biyu ya fi, don wani lungun da ɗaya ta rasa sai ka same shi a ɗayar. Sababbin rukunin gidaje na Lokogoma da Lugbe kuwa, sau da yawa suna ba ya fitowa, gara wanda za ka wurinsa ya turo maka ainihin wurin ta WhatsApp tun kana da data, ka adana shi. Ka kuma karanta adireshi da kyau, Wuse 2 daban, Wuse Zone 2 daban.

Abin da ya fi damuna shi ne yanke. Manhaja lissafin tazara da lokaci take yi, ba ta san wace hanya ce direbobi suka daina bi bayan magariba ba. Idan ta ce ka sauka daga babban titi ka shiga wata ƙaramar hanya a wajen gari, kada ka bi sai ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma direbobin tasha sun fi kowace waya sanin halin da hanyar Akwanga take ciki a yau.

Sai batun caji. GPS da hasken allo suna shan batir da sauri, wayar da aka jingina a gilashin gaba cikin rana kuma takan yi zafi har ta daina karɓar caji. Ka rage hasken allo, ka kawar da ita daga rana, ka riƙe cajar mota mai kyau. A doguwar hanya miƙaƙƙiya kamar Keffi zuwa Akwanga, kashe allon ka bar murya kawai, ka kunna idan ka kusa mararraba.